Ƙwayar tazarar haihuwa iri biyu ce: wacce ta dace da jikinki?

A gidaje da yawa a Zariya, daga cikin ganuwa har Samaru, idan aka ce ƙwayar filanin ɗauka ake abu guda ne. Mace za ta ga maƙwabciyarta ta daɗe tana sha lafiya ƙalau, sai ta ari tsohon katin, ta ba yaro ya kai kemis a Tudun Wada ko Sabon Gari a ba shi irinsa. Ba a auna jininta ba, ba a tambaye ta ko tana goyo ba, balle a ji watan yaron nawa. Alhali ƙwayar da ake sha kullum iri biyu ce, kuma wadda ta karɓi maƙwabciya tana iya zama ita ce bai kamata ke ki kusanta ba.

Ta farko mai sinadari biyu ce, estrojin da furojestin, kwatankwacin waɗanda jikin mace ke samarwa da kansa. Ita ce ke zuwa da sunaye irin su Microgynon, Levofem da Combination 3. Katinta yawanci ƙwaya 28 ne: 21 masu maganin, sai 7 masu launin ƙasa waɗanda babu maganin hana ciki a cikinsu, galibi sinadarin ƙarin jini ne, kuma a makon shan su al'ada ke zuwa. Babban aikinta hana ƙwai fita. Ta biyu furojestin ne zalla, babu estrojin ko kaɗan. Wadda aka fi sani a asibitocinmu ita ce Microlut, mai ƙwaya 35 a kati, akwai kuma Exluton. Ƙwayoyin katinta duk iri ɗaya ne, babu makon hutu, yau kati ya ƙare gobe a ɓare sabo. Ita kaurara ruwan bakin mahaifa take yi yadda maniyyi ba zai iya ratsawa ba. Ƙwai kuwa wani watan ta hana shi fita, wani watan ya fita abinsa.

Kada ki dogara da launi wajen bambance su, domin akwai mai sinadari biyu da ke zuwa guda 21 duk launi ɗaya, kamar Yasmin. Duba rubutun kwalin. In kin ga kalmar ethinylestradiol, to akwai estrojin a ciki.

Wajen hana ɗaukar ciki kusan kunnen doki suke. Idan ana shan su daidai, ba fashi ba makara, ba a samun ko mace 1 cikin 100 da za ta ɗauki ciki a shekara. Amma yadda mutane ke sha a zahiri, da mantuwa da tafiye-tafiye, kimanin 7 cikin 100 ne ke ɗauka. Ke nan zaɓin ba na wadda ta fi ƙarfi ba ne. Mai sinadari biyu tana da sassauci wajen lokaci, amma tana zaɓen jiki. Mai sinadari ɗaya kusan kowane jiki tana shiga, amma ba ta yafe makara. Duk sauran bayani daga nan ya taso.

Mu fara da estrojin, tunda a kansa haɗarin da ke iya kisa yake. Yana sa jini saurin daskarewa. Wani lokaci gudan jini yakan toshe babbar jijiyar da ke cikin sharaɓa, ƙafar ta kumbura ta yi zafi, in kuma gudan ya ɓalle ya tafi huhu, numfashi ya sarƙe. Yana kuma ƙara haɗarin toshewar jijiyoyin ƙwaƙwalwa, wato shanyewar ɓarin jiki, ga wadda dama tana da wani dalilin. An gano haka tun ba da jimawa ba bayan an fara sayar da ƙwayar farko, Enovid, a Amurka a 1960. Waccan tana ɗauke da estrojin maikirogiram 150, ta yau kuwa irin su Microgynon 30 ne. An rage sosai, amma haɗarin bai kau gaba ɗaya ba.

Ga alƙaluman da hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta fitar bayan bitar da ta yi a 2013. Cikin mata 10,000 da ba sa shan komai kuma ba su da ciki, kimanin 2 ne jini zai daskare musu a jijiya a shekara guda. Cikin masu shan irin su Microgynon, 5 zuwa 7. Cikin masu shan sababbin nan irin su Yasmin, 9 zuwa 12. Hukumar magunguna ta Amurka kuma ta ƙiyasta cewa ga masu ciki adadin 5 zuwa 20 ne, ga masu jego a makonni 12 na farko kuwa 40 zuwa 65. Abu biyu nake so ki ɗauka daga nan. Na ɗaya, ga mace mai ƙoshin lafiya, ciki da jego sun fi ƙwayar haɗari ko a wannan fannin da ake tsoron ta a kansa. Na biyu, tsada ba ita ce aminci ba. Wasu sukan raina wadda ake bayarwa a asibitin gwamnati, su je babban shagon magani su sayi mai tsada don an ce tana gyara fata, alhali wajen daskarewar jini ta asibitin ce ta fi sauƙi. Haɗarin kuma ya fi yawa a shekarar farko, da lokacin da aka koma sha bayan an yi wata ɗaya ko fiye ba a sha ba. Saboda haka dabarar nan ta "bari in huta wata biyu jikina ya sarara" ba ta da wani amfani. Ciki take jawowa, sannan ta mayar da ke farkon haɗarin.

Yawancin matan da ke neman tazara a garin nan masu goyo ne, kuma a nan ne bambancin ƙwayoyin biyu ya fi fitowa fili. Hukumar Lafiya ta Duniya ta hana mai shayarwa shan mai estrojin kafin mako 6 da haihuwa, wato kwana 42, kusan daidai da arba'in ɗinmu. Daga mako 6 zuwa wata 6 ma ba ta so a sha, sai in babu wata hanya, saboda tana iya rage ruwan nono a daidai lokacin da jariri ba shi da wani abinci sai shi. To ki duba lokacin da maganar ke tasowa: an gama wanka, an yi arba'in, an dawo ɗaki, ana tsoron kwanika. A daidai wannan gaɓar Microlut ce ta dace. Ba ta taɓa nono, ba ta cutar da jariri, kuma ga mai shayarwar da al'adarta ba ta dawo ba kariyarta ta fi ƙarfi, kimanin 1 cikin 100 ne kawai ke ɗaukar ciki a shekara, don shayarwar kanta tana taimakawa. Wadda ba ta shayarwa, misali wadda Allah ya karɓi jaririnta, ita ma kada ta fara mai estrojin kafin kwana 21, in kuma tiyata aka yi mata ko ta yi hawan jinin ciki, ta jira mako 6 ɗin.

Akwai abin da ya shafi Zariya musamman, wanda nake ganin bai kamata a tsallake ba. Tun a shekarun 1970 wasu likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Davidson da Parry, suka rubuta yadda ciwon zuciya na bayan haihuwa ya yi yawa a nan fiye da yadda aka sani a wasu ƙasashe. Mai jego ta kumbura, numfashi ya riƙa yi mata wuya, ta kasa kwanciya sai an tokare ta da matasai. A lokacin sun danganta shi da kunun kanwa, da wankan ruwan zafi, da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Binciken da aka yi daga baya a Najeriya ya ƙara hasko wasu dalilan, kamar hawan jinin ciki da rama. Ko ma mene ne sanadin, ciwon yana nan har yau, kuma zuciyar da ta yi rauni jini ya fi saurin daskarewa a cikinta. Duk wadda ta taɓa yin irin wannan kumburin a jego, ko an ce ta warke, kada ta sha mai estrojin sai likitan zuciya ya duba ta. Kuma ita ce ta fi kowa buƙatar tazara mai ƙarfi, domin wani cikin kafin zuciyar ta murmure yana iya tafiya da ita.

Sai hawan jini, wanda shi ne tambayar da ta fi kowace muhimmanci kuma ta fi sauƙin amsawa, tunda awon ba ya cin minti biyar. In awon jininki ya kai 160 a lambar sama ko 100 a lambar ƙasa, mai sinadari biyu ba taki ba ce sam. In yana tsakanin 140 da 159 a sama, ko 90 da 99 a ƙasa, nan ma a nemi wata hanyar. Ko kina shan maganin hawan jini ya sauka, shawarar dai ita ce a kauce wa estrojin. Matsalar hawan jini ba ya sallama. Mace za ta yi shekaru da shi ba ta jin komai, musamman wadda ta haura 35 ko ta haihu da yawa. Shi ya sa aiken yaro kemis ke tayar mini da hankali. Wadda jininta ya hau lokacin ciki ko ta yi jijjiga, in ya sauka ya daidaita bayan haihuwa tana iya sha, amma a tabbatar da awo, ba da zato ba. Wadda ta fara ma, ta koma a sake aunawa bayan kamar wata uku, sannan duk shekara, don ƙwayar kanta takan ɗan ɗaga jinin wasu. Microlut ba ta da wannan sharaɗin. Mai hawan jini tana iya shan ta.

Ciwon kai ma ba duka ɗaya ba ne. Na gajiya ko na zafin rana ba ya hana komai. Wanda ke hanawa shi ne na ɓari guda mai zuwa da gargaɗi: kafin kan ya fara sara, ki riƙa ganin walƙiya ko wasu layuka masu lanƙwasa suna rawa a idonki, ko wani gefen abin da kike kallo ya ɓace, ko hannu da gefen baki su yi sanyi kamar ba naki ba, na wasu mintuna zuwa awa guda. Mai irin wannan, ko shekarunta 20 ne, estrojin yana ƙara mata haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Da yawa ba sa faɗa don ba su san yana da alaƙa ba, wasu ma iska suke ɗauka. Ki faɗa.

Sauran waɗanda estrojin bai dace da su ba zan ambace su a gurguje: wadda jini ya taɓa daskare mata a ƙafa ko huhu, wadda ta taɓa shanyewar jiki, mai ciwon zuciya, mai ciwon hanta da ke tashe ko hantar ta lalace, mai tsakuwar matsarmama da ke damun ta, mai ciwon suga da ya haura shekara 20 ko ya taɓa ido ko ƙoda, da mai shan taba da ta kai 35. 'Yan matan da suka ɗauki shisha wasa su sani hayaƙin taba ne ita ma. Wadda za a yi wa babbar tiyata ta daina mako 4 kafin ranar, haka wadda ta karye aka yi mata ɗori za ta daɗe a kwance. Masu sikila kuwa, jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2015 ta yarda su sha tare da lura, amma hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka a 2024 ta ce kada su sha mai estrojin, saboda dama jininsu na da saurin toshe jijiya. Ni a nan na fi karkata ga tsaurin, tunda ga wasu hanyoyin da ba su da wannan shakkar. Mai sankarar mama ita kam duka biyun ba nata ba ne.

Kada yawan sharuɗɗan nan ya sa ki ɗauka mai sinadari biyu mugun abu ce. Ga wadda ba ta da ko ɗaya daga cikinsu, tana da alherin da ɗayar ba ta da shi. Al'ada takan daidaita ta zo a ranakun da aka sani, jinin ya ragu, ciwon mara ya yi sauƙi, kuma ga mace mai ƙarancin jini wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kurajen fuska sukan lafa. Tana kuma rage haɗarin sankarar jakar ƙwai da ta cikin mahaifa, kariyar kuma takan daɗe shekaru masu yawa bayan an daina. Laulayinta na farko, tashin zuciya, ciwon nono, ɗan ciwon kai da ɗigon jini, yawanci yakan wuce cikin wata uku. Shan ta da dare bayan an ci abinci yana rage tashin zuciyar. Wasu sukan ji ransu yana yawan ɓaci. In abin ya yi tsanani a koma a canza, ba a daure ba.

To ina matsalar Microlut take? Wuri biyu. Na farko jini. Takan rikita al'ada: wata ta riƙa ganin ɗigo-ɗigo ba tsari, wata ya zo sau biyu a wata, wata ya ɗauke ɗungurungum. A likitance babu cutarwa a ciki, kuma ɗaukewar ba tana nufin jinin ya taru a mara ba ne, shimfiɗar mahaifar ce ba ta yi kaurin da za ta zube ba. Amma ga Musulma wannan ba ƙaramin al'amari ba ne, domin ya shafi salla da azumi da shimfiɗar aure, kuma ina ganin ma'aikatan lafiya sukan yi saurin cewa "ba komai" a inda mace ke cikin damuwa ta gaske. Ya kamata a gaya mata tun kafin ta fara, ta kuma riƙa rubuta ranakun, don in ta kai wa malaman fiƙihu tambayar bambance jinin haila da jinin ciwo, ta je da bayani a hannu. Mai goyon da al'adarta ba ta dawo ba sau da yawa ba ta ma ganin wannan matsalar.

Na biyu lokaci. In kin makara fiye da awa 3 daga lokacin da kika saba, kariyar ta yi rauni. Ki sha nan take, ki ci gaba kamar kullum, amma kwana 2 masu zuwa a yi amfani da kororon roba ko a haƙura. Mai sinadari biyu ba ta da wannan tsananin. In kin manta guda ɗaya, ki sha da zarar kin tuna, ko da zai zama biyu a rana ɗaya, shi ke nan. Littafin Hukumar Lafiya ta Duniya sai an manta 3 a jere yake cewa a ƙara wata kariyar ta kwana 7, wasu ƙasashen kuma tun daga 2 suke faɗin haka, kuma bin na biyun ya fi kwanciyar hankali. In mantuwar ta faɗo a mako na uku, ki ƙarasa masu maganin, ki zubar da masu launin ƙasan, ki shiga sabon kati kai tsaye. Mantuwar da ta fi jawo ciki ita ce jinkirin fara sabon kati, don haka kada ki bari na hannunki ya ƙare kafin ki karɓo wani. Duka biyun, in kin yi amai cikin awa 2 da sha, ki sake shan wata.

Shawarata kan lokaci ita ce ki ɗaura shi da kiran sallar isha'i. A Zariya sauyin lokacin isha'i a tsawon shekara bai wuce kamar awa ɗaya ba, ke nan yana cikin iyakar awa 3 ɗin. Ko kina fashin salla za ki ji kiran. Kuma in azumi ya zo babu abin da za ki canza, saɓanin wadda ta saba sha da hantsi, wadda dole ranar farko ta watan ta shiga ruɗani. Sannan akwai kuskuren da ya zama ruwan dare a gidajen da ake da abokiyar zama, ko inda maigida matafiyi ne: a sha ƙwaya ranar girki kawai, ko sai ranar da ya dawo daga Kano ko Legas. Ba haka take aiki ba. Kullum ake sha, yana gari ko ba ya gari, girkinki ne ko ba naki ba.

Akwai magungunan da ke karya ƙarfin duka biyun, domin suna sa hanta ta yi saurin narkar da sinadarin. Babbansu rifamfisin, wanda ke cikin maganin tarin tibi, shi ne mai sa fitsari ya yi ja. Duk wadda ke karɓar magani a cibiyar tibi da kuturta ta Saye ko wani wurin, ta sani ƙwaya ba za ta riƙe ta ba muddin tana kan maganin, har zuwa kwana 28 bayan ta gama. Haka wasu magungunan farfaɗiya, irin su Tegretol, fenitoyin da fenobabiton. Ga waɗannan matan allurar wata uku ko robar da ake sakawa a cikin mahaifa ce mafita, kuma kada wadda ke shan maganin farfaɗiya ta daina shi don ƙwaya. Magungunan kashe ƙwayoyin cuta na yau da kullum, kamar Ampiclox da Amoxil, ba sa rage ƙarfinta.

Tambayoyi biyu ne suka fi yawo a bakin mata, a gidan suna da gidan biki: tana hana haihuwa gaba ɗaya? Tana sa kansa, wato sankara? Ta farko amsarta a'a ce, ba tare da wani kwana-kwana ba. Ƙwayar ba ta taruwa a ciki ko a mahaifa, narkewa take kamar gishiri a miya, jiki kuma ya fitar da ita cikin 'yan kwanaki, wanda shi ne ma dalilin da ya sa dole a sha kullum. Wadda ta daina tana iya ɗaukar ciki a watan farko. Ba ta zubar da ciki, in kuma an sha ta bisa kuskure da ƙaramin ciki ba ta nakasa jariri. Ta biyun tana buƙatar gaskiya. Akwai ɗan ƙarin haɗarin sankarar mama lokacin da ake sha. Wani babban bincike da aka yi a Denmak kan mata miliyan 1.8, wanda ya fito a 2017, ya samu ƙarin mace 1 cikin kowace 7,690 a shekara. Binciken jami'ar Oxford na 2023 ya nuna mai furojestin zalla ma kusan haka take, don haka a wannan fannin babu wadda ta fi wata. Ƙarin yakan gushe cikin kamar shekara 10 da dainawa. Shan mai sinadari biyu fiye da shekara 5 kuma yana ƙara haɗarin sankarar bakin mahaifa, wanda ya sa gwajin bakin mahaifa ya zama wajibi ga mai shan ta. A ɗaya gefen ga kariyar da na ambata daga sankara iri biyu. A auna wannan duka da haɗarin haihuwa kusa-kusa a ƙasar da binciken lafiya na 2018 ya ƙiyasta mata 512 ke rasuwa cikin kowace haihuwa 100,000.

Wata 'yar'uwar kuma in ta dubi rayuwarta tsakani da Allah, ga yara, ga girki, ga sana'a, za ta ga ba za ta iya riƙe ƙwayar kullum ba. Wannan ba aibu ba ne, sai dai ta zaɓi abin da ba ya buƙatar tunawa. Ashanar hannu, wato 'yar robar da ake sakawa a ƙarƙashin fatar dantse, Implanon ta shekara 3 ko Jadelle ta shekara 5, kimanin mace 1 cikin 1,000 ce ke ɗaukar ciki da ita a shekara, babu estrojin a ciki, kuma ana cirewa haihuwa ta dawo; matsalarta rikicewar al'ada, irin ta Microlut. Allurar wata uku, Depo ko Sayana Press, kimanin 4 cikin 100 ne, amma ita takan jinkirta dawowar haihuwa da wasu watanni, wasu kuma sukan ƙara ƙiba. Robar mahaifa mai jan ƙarfe ba ta da estrojin ko furojestin kwata-kwata, tana kai shekara 10, sai dai takan ƙara yawan jinin al'ada. Babu ɗaya cikin waɗannan, har da ƙwayoyin, da ke kare mutum daga cututtukan da ake ɗauka ta saduwa. Wannan aikin kororon roba ne.

Bari in ɗan ratse kan wasu ƙwayoyi biyu da ake cakuɗawa da waɗannan. Postinor-2 ta gaggawa ce, ana shan ta cikin kwana 3 bayan saduwar da ba kariya, kuma gwargwadon saurin sha gwargwadon aikinta. Sinadarin da ke cikin kati ɗaya nata daidai yake da na Microlut guda 50. Ba guba ba ce, amma mayar da ita abin sha duk mako yana rikita al'ada, kuma ba ta kai ta kullum kariya ba. Primolut N kuwa, wadda ake sha don ɗage al'ada lokacin azumi ko aikin Hajji, ba a yi ta don hana ciki ba, kuma ita ma tana da nata haɗarin daskarewar jini. Hajiyar da ke da hawan jini ko ƙiba, ga doguwar zama a jirgi, ga zafi da ƙishirwa a Makka, ta ga likita kafin ta saya.

Ko wacce kika zaɓa, akwai alamun da ba a jira gari ya waye a kansu: ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi farat ɗaya, tari da jini, matsanancin ciwon kai irin wanda ba ki saba ba, gani ya dushe, baki ya karkace ko magana ta harɗe, hannu ko ƙafa ta mutu, ido ya yi ɗorawa. Ki daina sha, a kai ki asibiti, na koyarwa da ke Shika ko na Gambo Sawaba ko duk wanda ya fi kusa, kuma ki tafi da katin ƙwayar a hannu ki nuna, domin likitan da bai san kina sha ba yana iya ɓata lokaci yana neman wani abin. Mai shan Microlut kuma in al'ada ta ɗauke sannan ta ji ciwo mai tsanani a gefe ɗaya na mara, da jiri, a duba ko ciki ne ya zauna a wajen mahaifa.

In 'yar'uwata ce ta tambaye ni, ga abin da zan ce mata. Kina goyon da bai kai wata 6 ba, ko jininki ya kai 140 bisa 90, ko kina da ciwon kan nan mai walƙiya, ko sikila, ko kin taɓa kumburin jego: ki bar mai estrojin, ki ɗauki Microlut in za ki iya riƙe lokaci, in ba za ki iya ba ki nemi ashana ko roba. Kina da ƙoshin lafiya, jininki daidai, yaron ya wuce wata 6, kuma rikicewar al'ada ce abin da kika fi gudu: Microgynon ko 'yan'uwanta sun fi dacewa da ke. Tun 2011 gwamnatin tarayya ta mayar da kayan tazarar haihuwa kyauta a asibitocin gwamnati, kuma a can ne za a auna ki a yi miki tambayoyin nan. Malam maigida, rakiyar nan da tunatarwar dare aikinka ne kai ma. Matar da ke sha da sanin mijinta ba ta buƙatar ɓoye kati a inda za ta manta da shi. In kuma a kemis za a saya, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, a ajiye a wuri mai sanyi nesa da murhu da taga, don zafin Maris da Afrilu ya wuce digiri 30 ɗin da aka rubuta a yawancin kwalaye.

Zaɓin kuma ba na har abada ba ne. Wadda ta fara Microlut bayan arba'in, idan yaro ya fara cin abinci, shan nono ya ragu, al'ada ta dawo, to taimakon da shayarwa ke ba ƙwayar ya ƙare, makarar awa 3 ta zama abin tsoro sosai. Lokacin ne za ta koma asibiti a sake auna jininta a duba ko za ta ci gaba ko ta sauya. In za ta koma mai sinadari biyu, ta sha ta farko washegarin ranar da ta sha Microlut ta ƙarshe, ba tare da ta bar kwana ko ɗaya a tsakani ba.